Fom ɗin intanet: ina laifin ƙa'ida, ina na magini?

A ƴan shekarun nan an ƙara wa malamin makaranta wani aiki da ba a koya mana shi a makarantar horon malamai ba, wato cike fom a intanet. Rajistar jarrabawa, neman tallafin karatu, neman gurbi a jami'a, shiga gasar ɗaukar aiki, da yawansu sun tashi daga takarda sun koma cikin salula. Ga gari irin namu na Dakoro, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga Maradi, wannan sauyi alheri ne, domin abin da a da sai uba ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, yanzu ana iya gama shi a zaune a ƙofar gida. Sai dai wanda zai zauna ya gama shi ɗin, galibi mushe ne, tun da shi iyaye suka sani, shi suka yarda da shi.

Na cike irin waɗannan fom da dama, na yara da na abokan aiki, har na lura cewa kusan wuri ɗaya suke tsayawa kullum: wajen suna, wajen ranar haihuwa, wajen adireshi, wajen hoto. Duk lokacin da abin ya ƙi, maganarmu ɗaya ce: "Na'ura ce ta ƙi karɓa," ko kuma "Rezo ne." Daga nan sai mu lanƙwasa gaskiyar yaro don ta shiga akwati. A sauya masa harafi a suna, a ƙirƙiro masa rana, a ara masa adireshin wani. Fom ya wuce, kowa ya yi hamdala, amma an shuka matsalar da za ta tsiro bayan shekara uku ko biyar, ranar da za a jera takardunsa a ga ba su yi daidai da juna ba.

Wannan ya sa na zauna na karanta yadda ake gina waɗannan fom, don in san wa ke da alhakin me. Abin da na fahimta shi nake so in raba da ƴan uwana malamai da iyaye. A taƙaice, ƙofofin da ake rufe mana iri biyu ne. Akwai waɗanda mai gina shafin ya rufe da hannunsa alhali ƙa'ida ta bar su a buɗe, su ne suka fi yawa. Akwai kuma ƴan wuraren da ƙa'idar ce da kanta ta gaza, amma ko a nan magini mai lura yana da hanyar kewayewa.

Kowane shafin intanet ana rubuta shi da wani harshen alamomi da ake kira HTML. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya fito da shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba a farkon shekarun 1990. A 1995 fom ya shiga rubutacciyar ƙa'idar harshen, a 2014 kuma aka tabbatar da HTML5, wanda ya zo da akwatuna na musamman: na kwanan wata, na lambar waya, na imel da sauransu. Ku ɗauke shi kamar bulo. Girman bulo da siffarsa an riga an yanke, kowane magini a duniya da shi yake aiki. Amma inda za a sa ƙofa, da faɗinta, da ko za a yi mata matakala mai tsawo da gurgu ba zai iya hawa ba, wannan shawarar magini ce.

Maginin ma ba a bar shi cikin duhu ba. Ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994, tana da kundin jagora mai suna WCAG a kan yadda za a gina shafi don kowa ya iya amfani da shi, har da masu lalurar gani, ko ji, ko hannu. An fitar da shi a 1999, aka sabunta a 2008, da 2018, da 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: mutum ya iya ganin abin ko jin sa, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtar sa, kuma shafin ya yi aiki da kowace irin na'ura. Da na karanta su sai na tuna darasin tsara tambayoyin jarrabawa da aka yi mana a makarantar horon malamai. Tambaya ɗaya ta tambayi abu ɗaya, umarni ya zo kafin amsa, kuma idan aji duka ya faɗi tambaya guda, a fara duba tambayar kafin a zargi yara. Fom ma takardar tambaya ce, kuma mu malamai mun san mai kyau idan mun gan ta.

Bari in fara da laifin magini. A HTML akwai wata alama, mu kira ta lakabi, wadda aikinta ɗaure rubutun tambaya da akwatin amsarta. Mai ido yana ganin kalmar "suna" kusa da akwati ya gane, amma na'ura ba ta ganewa sai an ɗaure mata su. Akwai wani bawan Allah mai lalurar gani da muke zumunci da shi, wanda ya koyi rubutun makafi na Braille a Yamai. Yana sarrafa salularsa da TalkBack, manhajar Android da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo, kuma saƙonsa na WhatsApp ya fi na wasu masu ido saurin zuwa. Wata rana ya zo mini da fom ɗin wani ofis na neman tallafi. Ya ɗora yatsa a akwatin farko, salula ta ce akwatin rubutu ne. Na biyu ma haka, na uku ma haka, babu mai cewa ga abin da ake so a rubuta. Dole ya miƙo mini wayar, ya karanto mini sirrinsa da bakinsa: shekarunsa, abin da yake samu, yawan iyalinsa. Layi ɗaya na rubutu a ƙarƙashin kowane akwati da ya ishe shi ya yi abinsa shi kaɗai. Lakabin nan yana da wani amfani ga kowa ma, domin idan an ɗaure shi, taɓa rubutun kawai yana buɗe akwatin, abin da ke sauƙaƙa wa tsoho mai rawar hannu.

Wasu maginan, don shafi ya yi kyan gani, sai su cire lakabi su sa tambayar cikin akwatin da rubutu mai launin toka-toka. Kana fara rubutu sai ta ɓace, in an kira ka a waya ka dawo ba ka san me aka tambaya ba. Kuma duk wanda ya taɓa duba salula a tsakar rana cikin watan Afrilu a Dakoro ya san rubutun toka a kan fari ba ya ganuwa. WCAG ta yanke ma'auni a nan: bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Ta kuma hana a nuna kuskure da launi kaɗai. Jan layi a gefen akwati ba ya gaya wa makaho komai, ba ya gaya wa mai wahalar bambance launi komai, mu ma masu gani bai faɗa mana abin da za mu gyara ba. Sai an rubuta da kalmomi: ga akwatin da aka yi kuskure, ga yadda ake so.

Sai maganar suna, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin Unicode, kundin haruffan duniya, tun shekarun 1990, kuma HTML yana karɓar su ba tare da gardama ba. Abin da ke faruwa shi ne magini ya ɗora wa akwatin sharaɗin cewa daga A zuwa Z kawai zai karɓa. Nan take an kori Ɗahiru da Balƙisu, an kori Sa'adatu saboda ɗan wakafin da ke tsakiyar sunanta. Abin dariya ma, sharaɗin yana korar Aïchatou da Maïmouna, waɗanda aka rubuta da rubutun Faransanci kamar yadda suke a takardar haihuwa, saboda ɗigo biyun da ke kan harafi. Wanda ya rubuta sharaɗin ya kwafo shi ne daga inda ba a san sunayenmu ba, bai kuma gwada shi da rajistar aji ko ɗaya ba.

Haka batun raba suna gida biyu, sunan iyali da sunan yanka. Mu a nan yaro yana da sunansa, sai na mahaifinsa, sau da yawa har da na kakansa. Wanne ne sunan iyali? Malami ɗaya zai sa na uba a akwatin farko, wani ya sa na kaka, wani ya haɗa biyun. Yarinya ta fito da suna iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a takardar BEPC, wani kuma a ta bak. Ranar da za ta kai takardunta jami'a, ko da ta Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo ce da ke nan Maradi kusa da gida, sai ta fara da neman takardar shaidar cewa duk mutum ɗaya ne. HTML bai tilasta wannan rabon ba. Yana da alama ta cikakken suna a akwati ɗaya, kuma W3C da kanta tana ba magina shawarar su tambayi kansu ko da gaske suna bukatar raba sunan, tun da al'ummomin duniya ba tsari ɗaya suke bi ba. In kuma doka ce ta sa a raba, sai a rubuta misali a saman akwatin don kowa ya bi hanya ɗaya.

Adireshi da imel ma duk shawarar magini ce. Fom ya ce dole sai ka sa sunan titi, lambar gida da lambar gidan waya. Mutumin Kornaka ko Birnin Lalle ko Sabon Mashi, adireshinsa sunan ƙauye ne da unguwa da gidan wane. Makiyayin da ke kai da kawo tsakanin kwarin Tarka da Bermo, adireshinsa rijiyar da yake shayar da dabbobi ce a wannan watan, kuma ɗansa yana ajinmu. Babban akwati ɗaya da mutum zai kwatanta wurinsa yadda aka san shi ya wadatar. In an yi jerin garuruwa don a zaɓa, a tuna cewa wanda ya koyi rubuta Ɗan Gulbi zai nemi garinsa ya tarar da Dan Goulbi, kuma a bar gurbin "wani wuri" ga wanda ba a lissafa nasa ba. Imel kuwa iyaye da yawa ba su da shi, lambar salula suke da ita. Shi ya sa malami ke sa nasa imel ga yaro na farko, in ya zo na biyu fom ya ce an riga an yi amfani da wannan. Akwatin lambar waya na HTML da gangan aka bar shi ba tare da tsayayyen tsari ba, saboda kowace ƙasa da nata. Tamu lamba takwas ce bayan 227. In ka ga fom ya nace sai lamba goma, magini ne ya ɗora.

Yanzu ga inda bulon da kansa ya gaza. Akwatin kwanan wata na HTML ba ya karɓar rabin amsa. Sai rana da wata da shekara sun cika, in ba haka ba yana ɗaukar akwatin a matsayin fanko. Akwai akwatin wata da shekara, akwai na mako, akwai na sa'a, amma babu na shekara kaɗai. To mu kuwa muna da dubban mutane da takardarsu ta kotu ke cewa "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Iyayen ɗalibanmu da yawa haka takardunsu suke, har da wasu yaran da ba a yi musu rajista da wuri ba. Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun ɗauka kowane ɗan Adam ya san ranar da aka haife shi. Sakamakon shi ne abin da muka sani: 1 ga Janairu ta zama ranar haihuwar jama'a. Na taɓa zama da wani dattijo da ya kawo takardun ɗansa, fom ya nemi ranar haihuwar uba. Na ce masa, "Baba, na'ura tana son rana da wata." Ya ce, "Malam, shekarar ma hasashe aka yi mini, ina zan samo rana?" Gaskiya ya faɗa, fom ɗin ne ba shi da wurin ajiye ta.

Akwatin nan yana da wata illa kuma. Yadda yake jera rana da wata yana bin harshen da aka saita salula da shi. Wayar da ke kan Turancin Amurka tana sa wata a gaba, don haka 03/04 da kake nufin 3 ga Afrilu za ta iya zama 4 ga Maris. Maganin duka biyun yana cikin ƙa'idar. A ajiye akwatin na musamman, a yi ƙananan akwatuna uku masu lakabi, rana, wata, shekara, a ɗaure su ƙarƙashin tambaya ɗaya. Haka shafukan gwamnatin Birtaniya suke tambayar ranar haihuwa. Mu sai mu ƙara abu ɗaya da ya dace da mu: shekara ta zama dole, rana da wata a bar su ga wanda yake da su.

Gazawa ta biyu ita ce hoto. HTML yana iya faɗin irin fayil ɗin da ake so, amma ba shi da alamar da ke iyakance nauyinsa. Sai ka ɗauki hoton takardar haihuwa, ka jira minti goma yana tafiya a rezo mai rauni, megarka tana ƙonewa, sannan a ce maka ya yi nauyi. Magini zai iya rubuta iyakar tun kafin a fara, ko ya sa wa shafin ɗan shirin da zai rage nauyin hoton da kansa. Ta uku, HTML ba ya ajiye abin da ka rubuta in rezo ya yanke ko batir ya mutu. Dogon fom mai tambaya hamsin a shafi ɗaya caca ne a garin da rezo ke zuwa yana tafiya. A raba shi gajerun shafuka, kowanne a ajiye shi kafin a wuce. WCAG ta ce in an sa wa'adin lokaci a bai wa mutum damar tsawaita shi, bugun 2023 kuma ya ƙara da cewa kada a sa mutum ya sake rubuta abin da ya riga ya bayar a cikin aiki ɗaya. Ta huɗu, saƙonnin kuskure da manhajar shiga intanet ke fitarwa da kanta suna zuwa ne da harshen manhajar, ko da shafin da wane harshe aka rubuta shi. Ko an yi fom da Hausa, gargaɗin zai iya fitowa da Turanci, sai in magini ya zauna ya rubuta nasa.

Wani zai ce, to mu da ba mu gina shafi, me wannan ya amfane mu? Na farko, muna da hujjar magana. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2008, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da intanet a cikin abubuwan da dole a buɗe musu. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Bai kamata harshen ƙasa ya kasa rubuta sunan ɗansa a fom ba. HTML ma yana da alamar da ke shaida wa na'ura cewa wannan rubutu Hausa ne, yana kuma iya jera rubutu daga dama zuwa hagu ga mai Ajami ko Larabci.

Na biyu, kuka yana amfani in an yi shi dalla-dalla. "Shafinku ba ya aiki" ba ya gyara komai. A rubuta sunan akwatin, da abin da aka sa, da abin da ya amsa, da irin salular, a ɗauki hoton allo. Darakta ya haɗa na makarantarsa, kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara su sa hannu, a tura ta hanyar sufeto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma saurayin da ya gina shafin a Yamai watakila bai taɓa ganin takardar da ke cewa "né vers" a hannun uban ɗalibi ba. Yawancin gyaran da na lissafa aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san sana'arsa.

Na uku, mu ma mun fara zama magina. Malamai na haɗa fom a Google Forms don tattara sunayen yara, ƙungiyoyin agaji na ba mu KoboToolbox mu cike a salula. Kafin ka tura naka, ka gwada shi. Fita da shi rana da ƙaramar salula mai arha ka ga ko yana karantuwa. Kunna TalkBack, rufe ido, ka ji ko za ka kai ƙarshe. Sa masa suna mai ƙugiya da mai wakafi, sa masa shekara ba rana. Kashe intanet a tsakiya ka ga me zai rage. Sannan ka miƙa wa uban wani ɗalibi da karatunsa bai yi nisa ba, ka yi shiru ka kalli inda zai tsaya. Duk tambayar da ba ka san me za ka yi da amsarta ba, cire ta.

Ga iyaye kuma, kafin a gyara shafukan, ga abin da ke hannunmu. Takardar haihuwa ita ce uwar takardu. Duk fom na hukuma a kwafi sunan yaro daga cikinta harafi bayan harafi, a jere yadda yake, ko da ba haka muke rubuta shi da Hausa ba. In akwati ya ƙi karɓar abin da ke takardar, kada a yi gaggawar sauyawa, a je ofishin da abin ya shafa a tambaya, a kuma rubuta a littafi abin da aka sa don gobe a sa irinsa. Jaririn da aka haifa yau a kai rajistarsa ma'aikatar magajin gari cikin wa'adi, don kada shi ma ya tashi da "wajajen". Kafin komawa makaranta a watan Oktoba, a fito da takardun kowane yaro a jera su a tabarma, a duba suna da ranar haihuwa ko sun zo ɗaya a cikinsu duka. In an ga saɓani a fara neman gyara tun yana firamare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.